Da Beatles ba su watse a 1970 ba, ina za su kai?

Malam Habibu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masu bibiyar tarihin kiɗan Turawa. A watan Satumba na 1969 Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila mai mutum huɗu, suka fitar da Abbey Road, faifan da mutane da yawa ke ganin ya fi duk ayyukansu tsari. Ranar 10 ga Afrilu 1970 jaridun Ingila suka buga cewa Paul McCartney ya bar ƙungiyar. A ranar babu ko ɗaya cikin su huɗun da ya cika shekara 30: John Lennon da Ringo Starr suna da 29, Paul da George Harrison 27. Mutane ne da ke kan ganiyarsu. Da ba su rabu ba, me za mu gani? Ina son mu bi abin dalla-dalla: me ya kamata a gyara kafin su zauna tare, wane irin faifai za su yi a 1970 da 1971, kuma za su koma dandamali ko kuwa?

Nura Gwale: Wa alaikumus salam Malam. Ni a ganina amsar a fili take. A haɗa waƙoƙin da kowa ya fitar shi kaɗai a shekara biyun nan: Instant Karma da Imagine da Jealous Guy na John, Maybe I'm Amazed da Another Day na Paul, My Sweet Lord da What Is Life na George, It Don't Come Easy na Ringo. Wane faifai ne a duniya zai tsaya gaban wannan? Da Yoko Ono, matar John, ba ta shiga tsakani ba, da an samu.

Barista Hadiza: Ƙanena Nura, kafin a kai ga jerin waƙoƙi sai an bi ta ofishin lauya, domin can ne igiyar ta tsinke. A watan Afrilu 1967 suka sa hannu a yarjejeniyar tarayya ta shekara goma. Duk abin da ɗayansu ya samu a harkar kiɗa, ban da kuɗin rubuta waƙa, asusu ɗaya yake shiga. Kamfaninsu, wanda daga baya ya zama Apple (ba na wayoyi ba), yana da kashi 80 cikin ɗari, kowane mutum kashi 5. Muddin faifan na ƙungiya ne, babu damuwa. Amma da kowa ya fara fitar da nasa, sai ya zama cinikin faifan George Paul na da rabo a ciki, cinikin faifan Paul kuma yana bi ta hannun manajan da Paul bai taɓa amincewa da shi ba.

Manajan nan shi ne Allen Klein. Brian Epstein, wanda ya riƙe su tun suna wasa a Liverpool, ya mutu ranar 27 ga Agusta 1967, kuma ba su cike gurbinsa ba. Apple ya riƙa zubar da kuɗi ba lissafi. A farkon 1969 John ya kawo Klein, George da Ringo suka bi shi. Paul ya kawo Lee Eastman da ɗansa John Eastman, wato mahaifin Linda da yayanta, kuma a watan Maris na shekarar ya auri Linda. Ku duba ta ɓangaren sauran ukun: ta yaya za ka danƙa dukiyarka a hannun surukin abokin tarayyarka? Ku duba kuma ta ɓangaren Paul: Klein na neman kashi 20, kuma labarin yadda yake da Rolling Stones ya riga ya fara fitowa. A watan Mayu ukun suka sa hannu, Paul ya ƙi. Daga ranar kowace ƙuri'a uku da ɗaya ce.

Saboda haka sharaɗin farko na zamansu tare shi ne manaja na uku, wanda ba Klein ba, ba kuma Eastman ba. Sharaɗi na biyu, a warware yarjejeniyar 1967 a rubuta sabuwa: kuɗin faifan ƙungiya a raba huɗu, kuɗin faifan mutum ɗaya nasa ne. In babu waɗannan biyun, ko sun shiga situdiyo tare, ƙarar da Paul ya shigar a babbar kotun Landan ranar 31 ga Disamba 1970 tana nan tafe.

Nura Gwale: Na ji, Anti. Amma ai Klein ɗin ya samo musu kuɗi. Ba shi ne ya sa Capitol, kamfanin da ke fitar da faifansu a Amurka, ya ƙara musu kaso ba?

Barista Hadiza: Shi ne, kuma ba a hana shi wannan. Ya kai kason nasu a Amurka kashi 25 na farashin sari, wanda a lokacin abu ne babba ƙwarai, har Paul ma ya sa hannu a wannan takardar. Sai dai a zaman sa hannun ne, ranar 20 ga Satumba 1969, John ya gaya musu zai fita, aka roƙe shi ya yi shiru don kada cinikin ya lalace. Kuma a shekarar ne suka rasa Northern Songs, kamfanin da ke riƙe da haƙƙin mallakar waƙoƙin John da Paul. Shugaban kamfanin, Dick James, ya sayar wa kamfanin ATV na Lew Grade hannun jarinsa a watan Maris ba tare da ya tuntuɓe su ba, su kuma suka kasa haɗa kai su saye ragowar. Waƙoƙin nan ne Michael Jackson ya saya a 1985 a kan dala miliyan 47.5. Wannan yana da tasiri kai tsaye a kan tambayar Malam Habibu: John da Paul suna ɗaure da Northern Songs har 1973, wato duk sabuwar waƙar da suka rubuta kaso mai tsoka na wani ne. Shi ya sa da Paul ya sa sunan Linda a matsayin abokiyar rubuta Another Day, kamfanin ya kai shi ƙara. George kuwa kwantiraginsa da su ya ƙare tun 1968, waƙoƙinsa suna kamfaninsa na Harrisongs. A 1973 John da George da Ringo da kansu suka rabu da Klein, aka shiga wata shari'ar da ba ta ƙare ba sai 1977.

Baba Ɗanladi: Nura, ɗana, maganar Yoko a auna ta da ma'auni. Gaskiya ne zamanta a situdiyo ya takura sauran, domin al'adarsu ba a shigo musu da kowa lokacin aiki. Bayan haɗarin motar da ita da John suka yi a Scotland a watan Yuli 1969, har gado aka kawo mata cikin situdiyon Abbey Road. Kuma a wannan tsakanin ita da John sun faɗa harkar muguwar ƙwayar nan ta hiroyin, abin da ya sa John ya ja baya daga aiki. Amma Ringo ne ya fara fita, a watan Agusta 1968, ya yi kusan mako biyu, har Paul ya buga ganga a Back in the U.S.S.R. George ya fita ranar 10 ga Janairu 1969 suna atisaye a situdiyon Twickenham, kuma kukansa a kan yadda John da Paul suke ɗaukarsa ne. Injiniyansu Geoff Emerick ma ya ajiye aiki a tsakiyar naɗar faifansu na 1968 mai farin kwali (White Album) saboda ya gaji da rigima. Ɓarakar ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Injiniya Sadiƙ: Bari in ɗora a kan maganar George, don a nan lissafin Nura yake karyewa, kuma lissafi ne na mintoci. Faifan roba mai juyawa 33 a minti yana ɗaukar minti 22 zuwa 24 a kowane gefe in ana son sauti mai kyau. In ka cusa fiye da haka dole mai yankan faifai ya matse tsagin da allura ke bi, ya rage kaurin bas, ya rage ƙarfin sauti gaba ɗaya. Kuma tsagin da ke kusa da tsakiya ya fi saurin gurɓata sauti, shi ya sa ba a son waƙa mai hayaniya a ƙarshen gefe. Abbey Road minti 47 ne. Wannan shi ne filin da mutum huɗu za su raba.

Akwai tef na wani zama da suka yi a farkon Satumba 1969, wanda marubucin tarihinsu Mark Lewisohn ya fito da labarinsa a 2019. Ringo na asibiti, sai John ya naɗa masa zaman. A ciki John ya kawo shawarar faifai na gaba: waƙa huɗu tasa, huɗu ta Paul, huɗu ta George, biyu ta Ringo in yana so, kuma kowa sunansa a kan waƙarsa, a daina haɗa Lennon da McCartney. Waƙa 14 ke nan. A raba minti 47 gida 14, kowace waƙa ta samu minti uku da 'yan daƙiƙoƙi. To amma waƙoƙinsu na 1970 sun wuce wannan awon. Isn't It a Pity minti bakwai ce. Mother ta John ta haura biyar. In an sa waɗannan biyun kaɗai, an cinye fiye da rabin gefe.

Yanzu ku duba abin da George ke riƙe da shi. All Things Must Pass, wanda ya fito a watan Nuwamba 1970, faifai uku ne a kwali ɗaya, kuma biyun farko waƙa 18 ne. A kan huɗu a shekara, sai ya yi shekara huɗu da rabi kafin ya fitar da su, ban da sababbin da zai rubuta a tsakani. Isn't It a Pity tun 1966 take hannunsa. Ita kanta waƙar All Things Must Pass sun gwada ta a Janairu 1969 suka bar ta. Mutumin da ya rubuta Something da Here Comes the Sun ba zai sake tsayawa layi ba.

Zainab Maraɗi: Injiniya, to me ya hana su yi faifai biyu a kwali ɗaya kamar na 1968? Waƙa 30 ya ɗauka.

Injiniya Sadiƙ: Za su iya, Malama Zainab, amma ki tuna yadda aka yi wancan. Sun shafe daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Oktoba, wani lokaci ɗaki biyu ko uku na aiki a lokaci guda, kowa da waƙarsa. Blackbird Paul ne shi kaɗai, Julia John ne shi kaɗai. Furodusansu George Martin ya so a tace shi ya koma faifai ɗaya, suka ƙi. In an maimaita wannan a 1970, sunan ƙungiya ne kawai a kan kwali.

Baba Ɗanladi: Akwai abin da ya fi mintoci, shi ne wace waƙa za ta wuce ƙuri'ar sauran. John ya ce ya kawo musu Cold Turkey suka ƙi, shi ya sa ya fitar da ita da sunan Plastic Ono Band a watan Oktoba 1969. To faifansa na Disamba 1970 fa? Ya naɗe shi ne bayan jinyar da ya yi a hannun masanin halayyar ɗan Adam Arthur Janov, yana ihu a kan rashin uwa da uba, da jita da bas da ganga da fiyano kawai, babu ado. A waƙar God ya fito fili ya ce bai yarda da Beatles ba. Wannan ba ta shiga faifan Beatles ko da wane manaja. How Do You Sleep, wadda ya caccaki Paul a ciki, ita ma rabuwar ce ta haife ta, haka Too Many People ta Paul, haka Wah-Wah da George ya rubuta ranar da ya fita daga Twickenham. Kyawawan waƙoƙin da Nura ke son tarawa, da yawansu 'ya'yan rabuwar ne.

Waɗanda za a iya cewa da tabbas na Beatles ne su ne waɗanda aka riga aka kawo gaban ƙungiya. Jealous Guy karinta na wata waƙa ce da John ya rubuta bayan zamansu a Indiya a 1968, ya sake mata baiti. Gimme Some Truth, Another Day, The Back Seat of My Car, Every Night da Teddy Boy duk an taɓa su a Janairu 1969. Junk tun 1968 take. A ƙara Maybe I'm Amazed da Instant Karma da huɗu daga rumbun George. Wannan faifai ne mai kyau sosai, kuma da ya fi nasu na ɗaiɗai tsafta ta fuskar amshi, don babu abin da ya maye gurbin muryoyin nan uku in sun haɗu. A Because sau uku suka naɗi muryoyin, suka zama tara. Amma ba zai kai zafin faifan John ba, ba zai kai faɗin na George ba.

Malam Habibu: Baba, ka kawo ni inda nake so. Ni abin da na lura da shi, ukun ba su taɓa rabuwa ba. Ringo ne ya buga ganga a faifan John na 1970, ya buga a na George. George ya kaɗa jita a faifan Imagine na John, har da waƙar da aka zagi Paul a ciki, kuma shi ne furodusan It Don't Come Easy. Klaus Voormann, abokinsu tun zaman Hamburg, shi ke riƙe bas. A watan Maris 1973 a Los Angeles John da George da Ringo suka naɗi I'm the Greatest tare da Voormann da Billy Preston. Ashe kujerar Paul ce kawai babu kowa. Kenan tambayar ta koma: me zai sa Paul ya zauna?

Barista Hadiza: Abubuwa biyu suka ƙarasa shi a cikin mako biyu, kuma duka biyun ana iya kauce musu. Na farko, an ba furodusa Phil Spector tef ɗin faifansu Let It Be, shi kuma ranar 1 ga Afrilu 1970 ya ɗora wa The Long and Winding Road tarin masu goge da masu busa da mata 'yan amshi 14, ba a tambayi mai waƙar ba. Paul ya rubuta wasiƙa a gyara, ba a gyara ba, kuma wannan na cikin hujjojin da lauyoyinsa suka gabatar a kotu. Na biyu, John da George suka rubuta masa takarda cewa an ɗage ranar fitar faifansa na farko don kada ya ci karo da Let It Be, Ringo ya kai masa har gida, Paul ya kore shi. Daga baya aka bar masa ranarsa, 17 ga Afrilu, Let It Be ya fito 8 ga Mayu. Da akwai doka ɗaya a rubuce, cewa ba a taɓa waƙar mutum sai da izininsa, da kuma jadawalin fitar faifai da aka amince da shi tun farkon shekara, da ba a kai nan ba.

Injiniya Sadiƙ: Saura maganar dandamali, wadda ita ce ke ciyar da ƙungiya a shekarun 1970. Wasansu na ƙarshe na kuɗi shi ne na Candlestick Park a San Francisco, 29 ga Agusta 1966: waƙa 11, kimanin rabin awa. Dalilin dainawar rabinsa na kayan aiki ne. A filin Shea a 1965 mutum 55,600 suka taru, su kuma amfilifayar Vox mai wat 100 ce a bayansu, ba su da lasifikar da ke fuskantar mawaƙi don ya ji kansa. Ringo motsin jikin na gabansa yake kallo ya gane inda aka kai a waƙa. Zuwa 1969 wannan ya canza. An yi babban bikin kiɗa na Woodstock, Rolling Stones sun zagaya Amurka da kayan sautinsu da fitilunsu, masu sauraro kuma sun koyi zama su ji.

Matsalar da ta rage ita ce waƙoƙin kansu. Ko ɗaya daga faifansu Revolver ba su taɓa yi a gaban jama'a ba. Strawberry Fields Forever naɗi biyu ne masu bambancin sauri da amo aka haɗe, aka rage gudun ɗaya aka ƙara na ɗaya har suka dace. A Day in the Life na da makaɗa 40. Mutum huɗu ba za su iya ba. Abin da zai yiwu shi ne tsarin da suka gwada a saman rufin Apple ranar 30 ga Janairu 1969: su huɗu da Billy Preston a kan fiyano mai lantarki, waƙoƙi marasa ado irin Get Back da Don't Let Me Down. A ƙara masu busa huɗu kamar yadda Wings, ƙungiyar da Paul ya kafa daga baya, suka yi a 1976, a samu wasan awa biyu.

Zainab Maraɗi: Kayan aiki sun samu, amma wa zai yarda ya hau mota? Paul ne kaɗai ke son rangadi. A zaman nan na 20 ga Satumba 1969 shawararsa ita ce su koma ƙananan wurare, John ya watsar da ita nan take. Paul ya aiwatar da abinsa a Fabrairu 1972, ya ɗauki Wings suka riƙa sauka a jami'o'i ba sanarwa, suka fara da Nottingham, kuɗin shiga bai wuce fam rabi ba. John bai taɓa yin rangadi shi kaɗai ba har ya bar duniya. George ya shirya wasan taimakon Bangladesh a Madison Square Garden ranar 1 ga Agusta 1971, amma rangadinsa na Amurka a 1974 muryarsa ta dishe, 'yan jarida suka yi masa ca, bai sake ba sai Japan a 1991. Wulaƙancin da aka yi musu a Manila a 1966 da barazanar da aka yi musu a kudancin Amurka bai bar zuciyarsa ba.

Ga kuma biza. An kama John da tabar wiwi a 1968, George a 1969, Paul a 1972 da 1973. Bayan John ya koma New York a 1971 gwamnatin Nixon ta nemi korarsa, kuma bai samu takardar zama ba sai Yuli 1976. A duk tsawon nan in ya fita ba shi da tabbacin dawowa, Paul kuma ya daɗe ba a ba shi izinin shiga ba. Ƙungiyar da ɗaya ba ya iya fita Amurka, ɗaya ba ya iya shiga, a ina za ta yi atisaye?

Nura Gwale: Anti Zainab, ai wannan shi ne abin da nake cewa. Da ba su watse ba John ba zai tare a New York ba, kuma da ba a harbe shi a ƙofar gidansa a 1980 ba.

Baba Ɗanladi: A'a Nura, nan kam mu tsaya. Ajali ba ya cikin abin da ake lissafawa da "da". George a cikin gidansa a Ingila wani ya shiga ya daɓa masa wuƙa a watan Disamba 1999. Mu tsaya a kan aiki.

Malam Habibu: Haka ne Baba. Ni abin da ke damuna a wannan lissafin shi ne Band on the Run, faifan Paul da Wings, don a ƙasarmu aka yi shi. A 1973 Paul ya zaɓi situdiyon EMI, kamfanin faifansu, da ke Apapa a Legas. Ana gab da tashi mai ganga Denny Seiwell da mai jita Henry McCullough suka ajiye aiki, ya zo da Linda da Denny Laine da injiniya Geoff Emerick kawai. Na'urar naɗi mai layi takwas ce, shi ya buga ganga da bas da wani ɓangare na jita. 'Yan fashi suka tare su da dare suka ƙwace kaset ɗin gwajin waƙoƙin, dole ya sake tuno su da ka. Fela ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya kunna masa abin da suka naɗa ya ji babu. Sun kuma yi aiki a situdiyon Ginger Baker a Ikeja. A cikin wannan matsin ya yi faifan da ya fi duk nasa na bayan Beatles. Ban ga yadda George ko John za su yarda su zo Apapa ba. Da ƙungiyar na nan, da wannan faifan babu shi.

Injiniya Sadiƙ: Ko kuma da akwai shi, Malam, in sun bi hanyar da wasu suka bi. Crosby, Stills, Nash da Young sun fitar da Déjà Vu a watan Maris 1970, sannan kowa ya fitar da nasa, ba wanda ya ce an watse. Genesis sun yi haka a shekarun 1980, Phil Collins na nasa ƙungiya na nata. Kwantiragin Beatles da EMI bai ƙare ba sai Janairu 1976, kuma faifan mutum ɗaya na shiga lissafinsa. Ni hasashena: faifan ƙungiya a ƙarshen 1970 bisa tsarin huɗu-huɗu-huɗu-biyu, hutu na shekara biyu kowa ya sauke kayansa, wani faifan a 1973 bayan tafiyar Klein, sai wasanni kaɗan a manyan wurare, ba rangadi ba. Kasuwa kuwa tana nan: tarin tsofaffin waƙoƙinsu guda biyu, ja da shuɗi, da aka fitar a 1973 sun yi ciniki ƙwarai, kuma a 1976 mai shirya wasanni Bill Sargent ya yi musu tayin dala miliyan 50 a kan wasa ɗaya.

Baba Ɗanladi: Faifai biyu na yarda, na uku ne ban yarda ba. Ku dubi 1974 zuwa 1976. John ya ajiye aiki bayan haihuwar ɗansa a Oktoba 1975, ya yi shekara biyar. George na fama da shari'ar My Sweet Lord, wadda alƙali ya yanke a 1976 cewa ya ɗauko karin He's So Fine ba da saninsa ba. Ringo shaye-shaye ya ci ƙarfinsa. Paul ne kaɗai ke tashi da safe ya tafi aiki, kuma wannan halin nasa na jan ragama shi ne abin da sauran suka gaji da shi tun fim ɗinsu na Magical Mystery Tour. Rolling Stones sun daɗe ne domin marubuta biyu ne, shugabanci a hannun mutum ɗaya, kuma suna son dandamali. Beatles marubuta uku ne, kowa ya isa shugaba.

Nura Gwale: Amma Baba, ai sun dawo. Free as a Bird a 1995, Real Love a 1996, Now and Then a 2023 har ta hau lamba ɗaya a Birtaniya.

Injiniya Sadiƙ: Sun dawo a kan kaset ɗin da John ya naɗa a gida, murya da fiyano a layi ɗaya, ba a iya raba su. Furodusa Jeff Lynne ya sha aiki kafin ya daidaita gudun waƙar da gangar Ringo. Now and Then sun fara ta a 1995 suka bari, saboda ƙugin lantarki a kaset ɗin kuma George bai so ta ba. Sai da fasahar da mutanen daraktan fim Peter Jackson suka ƙera lokacin aikin fim ɗin Get Back ta cire muryar daga fiyanon aka ƙarasa, George kuwa ya mutu tun 2001, sai jitarsa ta 1995 aka sa.

Barista Hadiza: Kuma ku lura da shekarar da dawowar ta yiwu. Kotu ta naɗa mai riƙon dukiyarsu a watan Maris 1971, John ya sa hannu a takardar rabuwa a ƙarshen Disamba 1974, aka rushe tarayyar a Janairu 1975. Duk da haka ba a gama ba. A shekarun 1980 George da Ringo da Yoko suka gano Paul na karɓar kaso fiye da nasu daga Capitol a kan tsofaffin faifan ƙungiyar, aka koma ga lauyoyi. Saboda wannan ne Paul ya ƙi halartar bikin shigar da su zauren karrama mawaƙan rock a Janairu 1988. Sai a ƙarshen 1989 aka sasanta da EMI da Capitol da junansu, sannan shugaban Apple Neil Aspinall ya samu damar tayar da aikin Anthology, wato shirin tarihin ƙungiyar. Injiniya, faifanka na 1973 sai ka nuna min takardar da mutum huɗun za su sa wa hannu a shekarar, alhali kuɗinsu na hannun wakilin kotu, Klein kuma yana shirin maka uku daga cikinsu a gaban alƙali.